Masu Shayar da Yankakken Fure a Zafin Yerwa

A Maiduguri watan Afrilu ba ya raga wa kowa. Tun kafin azahar ma'aunin zafi ya haura digiri 40, iska ta bushe ƙayau, inuwar dalbejiyar da garin ya yi suna da ita ma sai dai a zauna don babu yadda za a yi. A irin wannan rana, ka yanko furen wardi da hantsi ka tsoma a kofin ruwa, kafin a kira la'asar ya sunkuyar da kai, kafin gari ya waye ya fara zuba. Duk da haka akwai mutane a garin, ba su da yawa, masu adon wajen biki da yaran da ke taya su, waɗanda za a kawo wa irin wannan fure daga nesa a galabaice, su tashe shi, ya tsaya ƙyam a daren wushe-wushe, ya kuma ƙara kwanaki a ɗakin amarya. Kayan aikinsu babu wanda ba a samu a Kasuwar Monday: sukari, lemun tsami, ruwan bilic na wanki, reza, bokitin roba. Gwanintar tana wajen sanin nawa za a zuba, yaushe, kuma wane fure ne zai iya ɗauka.

Yawancin furannin da ake gani a ɗakunan taro na roba ne ko na yadi, kuma ban ga laifin wanda ya zaɓe su ba. Ba sa jin ƙishirwa, a kakkaɓe su a sake kai su wani bikin. Wanda ya ce shi sai ɗanyen fure ya sayi wahala da kuɗinsa, wahalar kuwa a kan mai ado take sauka. Shi ya sa nake ganin girman wadda ta iya wannan aiki. Abin da ake yi a Holan da ɗakin sanyi da lantarkin da ba ya ƙiftawa, ita da bokiti da randa take yin sa.

Tun daga hanya furen ke fara shan wuya. Wardi da kaneshan da lili 'ya'yan sanyi ne. A Najeriya sai a wurare irin tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, suke samun yanayin da ya yi musu. Waɗanda shagunan Abuja da Legas ke shigowa da su kuwa, da yawansu daga gonakin Kenya suke, musamman na gefen tafkin Naibasha, inda ake yanke fure a sa shi a ruwan magani nan take, a sanyaya shi zuwa digiri 2 ko 4, a kai shi filin jirgin Nairobi cikin mota mai sanyi. Da wannan tsari ne ake iya ɗora wardi a jirgin ruwa daga Mombasa, ya yi kusan wata guda a teku, ya sauka Holan ya buɗe lafiya lau. To, wannan sanyin a Abuja yake yankewa. Daga nan ko dai kwali ya hau jirgi ya zauna a rana yana jiran mai ɗauka, ko kuma ya biyo mota. Daga Jos, ta Bauchi da Potiskum da Damaturu, tafiyar ta kusa kilomita 600. Mai kayan gwari a wani wurin yakan yi tafiyar dare don ya tsere wa rana, amma hanyar Damaturu zuwa Maiduguri ta yi shekaru ba a bin ta bayan yamma saboda tsaro. Ke nan da tsakar rana furen zai shigo gari, a bayan mota, tsakanin buhunan dankali da kabeji.

Abu na farko da gwanar ta sani, wanda yawancinmu ba mu sani ba, shi ne fure na iya mutuwa da ƙishirwa alhali ƙafarsa na cikin ruwa. A cikin karan kowane tsiro akwai siraran hanyoyi da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Duk wanda ya taɓa shan rake ya san su, suna cikin zare-zaren nan da ke maƙalewa a haƙori. Babu wani famfo da ke tura ruwan sama. Ganye ne ke fitar da tururi ta ƙananan ƙofofinsa, ruwan da ya fita ya janyo na bayansa, shi ma ya janyo na bayansa, har zuwa saiwa, babu inda ya tsinke. Idan wuƙa ta ratsa kara, jan ba ya tsayawa, sai dai abin da ke bakin yankan yanzu iska ce. Karan ya zuƙe ta, kumfar iska ta zauna a hanya, ruwa ya rasa ta inda zai bi. Toshiya ta biyu a hankali take zuwa. Ruwan da ke tsattsafowa daga raunin abinci ne ga ƙwayoyin bakteriya. Su hayayyafa a cikin kwalbar, su taru a bakin yankan, su liƙe shi da yauƙi. Kafin ido ya ga ruwan ya yi duhu, sun kai miliyoyi a cikin cokali guda. Wardin da ya lanƙwashe wuya daf da kansa, wanda mutane ke cewa rana ce ta dafa shi, sau da yawa hanyar ruwansa ce ta toshe.

Don haka daga wuƙa aikin ke farawa. Ba a tsoma fure a ruwa yadda ya zo. Sai an datse santimita 2 zuwa 3 daga ƙasan kowane kara, ko fiye in ya daɗe a bushe, domin a nan iskar ta taru. Da sabuwar reza ake yi ko wuƙa mai kaifi. Almakashin ɗinki murƙushe karan yake yi, ya matse hanyoyin da ake so a buɗe. A karkace ake yanka, don kada gindin ya zauna daram a ƙasan bokiti ya rufe bakinsa. Wasu a cikin baho suke yankan, hannu da reza duk a ƙarƙashin ruwa, don iska kada ta sake samun shiga. Wasu a waje suke yi, amma yanka da tsomawa ba a numfasa a tsakaninsu. Duk ganyen da zai nitse a ruwa a tsige shi, domin ruɓewa zai yi. Ƙayar wardi kuwa ba a kankare ta da ƙarfi, kowane rauni sabuwar ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Idan wardin ya riga ya sunkuya, sai a naɗe kawunan tam a takardar jarida su miƙe, a tsayar da su a ruwa mai ɗumi, wajen digiri 40, mai zurfi, a wuri mai inuwa na wasu sa'o'i. Ruwan ɗumi ya fi saurin hawa kara. A Maiduguri ba a ma bukatar hura wuta don wannan: ruwan tankin sama da azahar ya isa, wani lokacin sai an surka.

Kafin duk wannan akwai bokiti, kuma a nan ake gane wadda ta san aiki. Za ka ji ta tana tambayar yaronta, “Ɗana, wannan bokitin wanke shi ka yi ko ɗauraye shi?” Bokitin da aka zuba fure jiya, ko ya bushe, ƙwayoyin na nan manne a jikinsa suna jiran ruwa. Da sabulu da bilic da soso ake cuɗa shi. Na roba ake so ko gilashi. Bahon ƙarfe ko kwanon silba ba sa shiri da ruwa mai tsami da bilic.

Ruwan shan furen abu uku ne a cikinsa, kowanne da aikinsa. Sukari abinci ne. Fure a jikin uwarsa ganye ke ciyar da shi, yanzu an raba su, ga shi an kai shi cikin ɗaki inda babu hasken da 'yan ganyen da suka rage za su yi aiki da shi. Buɗewar kai, kaurin launi da ƙamshi duk sukari suke ci. Furen da ya sha ruwa zalla yakan tsaya a rabin buɗewa, launinsa ya koɗe. Lemun tsami kuma hanya yake gyarawa. A ma'aunin tsami da masana ke amfani da shi, mai tashi daga 0 zuwa 14, ruwan sha yana wajen 7, fure kuwa ya fi shan ruwan da aka sauko da shi zuwa 3.5 ko 4. Ruwa mai ɗan tsami ya fi saurin ratsa kara, kuma bakteriya ba sa sakewa a cikinsa. Na uku shi ne bilic, Hypo ko Jik, wanda aikinsa kisa ne kawai. Shi ne mai gadin sukarin. Wanda ya zuba sukari bai zuba bilic ba, ƙwayoyin cuta ya ciyar, kuma da ya bar furen a ruwa zalla da ya fi masa.

Awon da ya fi yaɗuwa mai sauƙi ne. A lita ɗaya ta ruwa, wato ledar fiyawata biyu, a zuba babban cokali biyu na ruwan lemun tsami da aka tace, babban cokali ɗaya na sukari, da rabin ƙaramin cokali na bilic. A cikin ruwan ake zuba kowanne daban, a juya. Ba a haɗa bilic da lemun tsami su kaɗai a kofi, domin iska mai guba suke tayarwa, mai sarƙe numfashi. Awon nan mafari ne, daga nan hannu da ido ke karɓa. Ruwan Maiduguri ba ɗaya ba ne: akwai na famfo da ake tacewa daga madatsar Alau, akwai na rijiyoyin burtsatse masu zurfi daban-daban, akwai wanda 'yan ga-ruwa ke turowa a kura cikin jarkokin da Allah kaɗai ya san ranar da aka wanke cikinsu. Ruwan da sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa ya fi cin lemun tsami. Wanda ya zo da laka sai an bar shi ya kwanta. Alif, wanda wasu ke kira alimun, da ake jefawa a randa don ruwa ya washe, yana da amfani a nan fiye da yadda ake zato: ɗan'uwansa na jini ne manyan gonakin wardi ke sa wa a ruwan farko da furen ke sha bayan yanka, domin yana kwantar da datti yana kuma ƙara tsami. Kanwa kuwa, duk da a nan gidanta ne, ko kusa ba a sa ta. Ita tsami take kashewa. Tsamiya na da tsami mai kyau, amma jiƙonta na ɗauke da ɓargashi da ke ɓata ruwa da wuri.

Idan bilic ya yi yawa, karan ne zai faɗa: ya yi fari-fari, ganyen ƙasa ya ƙone. Idan ya yi kaɗan, hanci ne zai faɗa washegari. Kuma ƙarfinsa ba ya daɗewa, zafi da tsami na cinye shi. Abin da ake cewa a ƙasashen sanyi a canja ruwa bayan kwana uku, a nan kullum ne a lokacin bazara, tare da sake datse gindin kara kaɗan.

'Yan ƙananan ledojin gari da ke zuwa manne da furen kanti, na kamfanin Chrysal na Holan ko FloraLife na Amurka, waɗannan ukun ne a cikinsu, an dai auna su da kyau. In an samu a yi amfani da su bisa awon da aka rubuta. In ba a samu ba, kwalbar Sprite ko 7Up ma na fitar da mutum kunya, tunda sukari da tsami na ciki: kashi ɗaya na lemo, kashi uku na ruwa, da ɗigon bilic. Wanda aka rubuta babu sukari a jikinsa ba shi da amfani a nan. Sauran abubuwan da ake yaɗawa, a jefa ƙwayar asfirin, a jefa Panadol, a jefa kwabo, ban ba su muhimmanci ba. Asfirin gwaje-gwaje ba su tsaya a kan magana ɗaya game da shi ba, kwabo kuwa ba ya narkewa a ruwa har ya kashe wani abu, in ma an samu kwabon.

Inda na fi sha'awar aikin shi ne yadda gwana ba ta yi wa furanni kuɗin goro. Giladiyolas, mai dogon zangarniya da ake yankewa tun kawunan sama ba su buɗe ba, maƙoshin zaƙi gare shi. Manoma kan tsayar da shi dare guda a ruwan da kashi 20 cikin 100 sukari ne, sannan a mayar da shi ruwan yau da kullum, sai kawunan su yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya har ƙololuwa. Ka yi wa wardi haka ka ƙona masa ganye, shi kashi 1 zuwa 2 ya ishe shi. Jabera, mai faffaɗan kai da kara mai laushi, ruwa kaɗan ake zuba masa, in ya nitse sosai karan ruɓewa yake yi, kuma ya fi kowa ƙyamar datti. Lili sai an cire masa 'yan sandunan garin nan na tsakiya da zarar ya buɗe, in ba haka ba ya ɓata lafayar amarya da tabon da ba ya fita da sauƙi.

Sai kuma maƙiyin da ba a gani, wanda a Maiduguri ƙofofinsa suka fi na ko'ina yawa. Wata iskar gas ce da ake kira etilin. A ƙarni na 19, lokacin da biranen Turai ke haska tituna da gas ɗin kwal, an lura itatuwan da ke kusa da bututu mai yoyo suna zubar da ganye ba a lokacinsu ba. A 1901 wani ɗalibi a Rasha, Dimitry Neljubow, ya nuna cewa etilin da ke cikin gas ɗin ce ke karkatar da tsiron da ya shuka a ɗakin gwaji. A 1908 William Crocker da Lee Knight na Jami'ar Shikago suka nuna ɗan ƙanƙani daga cikinta ya isa ya sa furen kaneshan ya naɗe ya rufe, ba kuma zai sake buɗewa ba. A 1934 Richard Gane a Ingila ya tabbatar cewa tuffa mai nuna da kanta take fitar da wannan iska. Ashe tsiro ne ke ƙera ta, ya aika wa jikinsa saƙo cewa lokacin nuna ya yi, ko lokacin zuba. Ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na iskar ɗaki ya isa ya isar da saƙon ga furen da ke jin ta.

Mangwaro, ayaba, gwanda da tumatir duk suna fitar da ita yayin nuna. Kabaid ɗin da wasu masu sayar da 'ya'yan itace ke nukar da kaya da shi, wanda hukumar NAFDAC ta daɗe tana hani a kai, wata iska yake fitarwa mai kwaikwayon etilin. Saboda haka tiren kayan marmari da kwalbar fure a tebur ɗaya, ko a firji ɗaya, kyau ne na hoto kawai. Amma babbar hanyarta a nan hayaƙi ne. Duk abin da ya ci wuta bai ƙone ƙurmus ba yana fitar da etilin: salansar janareto, hayaƙin Keke Napep da ya cika titunan garin tun da aka hana babura a 2011, sigari, garwashi. Ga shi kuma Yerwa ce gidan turaren wuta. Babu bikin da za a yi a garin nan ba a ɗora kasko ba, sandal da hawi da kajiji da farce suna tashi har sai labule ya kama. Wa zai ce wa uwar amarya a Barno kada ta turara ɗaki? Mai ado da ta san kanta ba ta faɗar haka. Cewa take yi, “Hajiya, don Allah a sa turaren tun da wuri, ɗakin ya kama, hayaƙin ya fita, sannan mu shigo da fure.” Ƙamshin na zama a yadi da kafet, iskar kuwa ta bi taga. Da wannan 'yar dabarar an ba kowa haƙƙinsa. Wajen jera kayan ma tana lura: kaneshan da okid, masu saurin jin etilin, nesa da kasko da ƙofar da ke kallon janareto, kirisantimam, wanda bai damu da ita sosai ba, shi ake sa wa a bakin daga.

Manyan gonaki na da makamin da ba a samu a kasuwa. A 1978 masu bincike a Holan suka nuna wani haɗin azurfa na iya hawa karan kaneshan da sauri ya toshe inda etilin ke kamawa, har kwanakin furen su ninka. Matsalarsa azurfar guba ce ga ruwa da ƙasa in an zubar barkatai. Daga baya Edward Sisler da Sylvia Blankenship na Jami'ar Jihar Karolaina ta Arewa suka samar da wata iska, 1-MCP, da aka yi wa rajistar haƙƙin mallaka a 1996, mai yin wannan aiki ba tare da azurfa ba. Furen da ya zo daga Kenya wataƙila an riga an yi masa ɗaya daga ciki. Wanda aka yanko daga lambu ba shi da wannan sulke, sai kula.

Duk wannan haɗe-haɗe, zafi na iya rusa shi a yini ɗaya. Fure yankakke numfashi yake yi, yana ƙona sukarin jikinsa, kuma duk ƙarin digiri 10 saurin ƙonawar kan ninka sau biyu zuwa uku. Ɗakunan da ake gwada kwanakin fure a duniya ana riƙe su ne a digiri 20, da laimar iska wajen kashi 60 cikin 100. Idan aka ce wardi na yin mako guda ko kwana goma, a can ake nufi. A digiri 40 lissafin ya nuna yana tsufa sau huɗu zuwa tara fiye da haka. Da hunturu zafin kan sauka, amma laimar iska na faɗuwa ƙasa da kashi 20, ganye ya riƙa zubar da ruwa fiye da yadda kara zai iya kawowa. Fanka da iskar na'urar sanyaya ɗaki in suna bugun fure kai tsaye, irin wannan ɓarnar suke yi.

Firji zai taimaka, in akwai wuta. Mutanen Maiduguri ba su manta Janairun 2021 ba, lokacin da aka tarwatsa turakun layin lantarki da ke zuwa daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, har aka kai ga gina tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris ɗin 2023. Wanda ya yi sana'a a wannan tsakanin ya koyi kada ya dogara da soket. A nan tsohuwar hikimar randa ke shigowa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta Jihar Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki. An ruwaito a lokacin cewa gautan da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27 a cikinta. Busasshiyar iskar da ke kashe fure a fili ita ce ke sa wannan tukunya aiki, shi ya sa ta fi ƙarfi da rani, ta yi rauni a Agusta. Bokitin fure a cikin babbar randa, an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a lungun da iska ke ratsawa, ba zai kai sanyin firji ba, amma digirin da ya rage kwana ne ya ƙara. Masu sayar da alayyahu da salak a Kasuwar Gamboru da wannan ilimin suke kai kayansu yamma. Ranar biki kuma akan sayi ƙanƙara a jera a kula, a shimfiɗa tsumma a kai don kada fallayen furen su taɓa ta. Furannin ƙasashen zafi, irin su okid da anturiyam, ba a kai su kusa da ƙanƙara ko kaɗan. Ƙasa da digiri 10 baƙi suke yi.

Soson nan kore da ake soka furanni a ciki, Oasis, wanda wani Ba'amurke V. L. Smithers ya ƙirƙiro a 1954, shi ma da ladabinsa. A kan ruwan haɗin ake ɗora shi a bar shi ya nitse da kansa. Yaro mai gaggawa ya danna shi da hannu, waje ya jiƙe, tsakiya ta zauna a bushe, kuma a tsakiyar ne gindin furen zai sauka. Karan da aka soka aka ɗan janyo baya ya rabu da soson, sai a zare shi gaba ɗaya a sake sokawa a sabon wuri.

Ra'ayina dai, kawo wardi Maiduguri a watan Afrilu ƙarfin hali ne da kuɗi ke sa wa. Akwai furannin da zafi bai dame su ba, waɗanda lambunan gefen kogin Ngadda da na Alau za su iya fitarwa kamar yadda suke fitar da albasa da tumatir: ziniya, marigol, furen rana, selosiya mai kama da zankon zakara, da gomfirina mai 'yan ƙananan kawuna. Wanda aka yanko da asuba, lokacin da karansa ke cike da ruwan dare, aka tsoma a bokiti a cikin lambun, ya riga wanda ya kwana a mota da nisa. Amma ba duk abin da ya yi kyau a jikin katanga ke zama a kwalba ba. Boganbiliya da ta rufe gidajen GRA da wuya ta kai yamma bayan yanka. Furen habiskas na kwana ɗaya ne ko a jikin uwarsa. Masu farin ƙaro, irin su firanjifani da tumfafiya, ƙaron ne ke daskarewa ya toshe bakin kara, sai an tsoma gindin a tafasasshen ruwa na 'yan daƙiƙoƙi. Kariya da oliyanda kuwa dafi ne da su, har ruwan da suka tsaya a ciki ba a bari inda yaro zai kai hannu.

Washegarin biki da safe ake zare furannin daga soso, a sake datse gindinsu, a haɗa sabon ruwa a kwalba mai tsabta, a kai ɗakin amarya nesa da taga da fanka. Wardi ne ke fara tafiya, lili ya bi shi, kaneshan da kirisantimam su yi saura. Duk wanda ya fara yaushi a zare shi nan take, domin fure mai mutuwa etilin yake fitarwa, kuma ruɓaɓɓen karansa ɓata ruwan sauran yake yi. Selosiya da gomfirina ba a jira su yi yaushi. Tun da sauran ƙarfinsu ake ɗaure su dami-dami, a rataye kai ƙasa a inuwa, iskar garin ta busar da su cikin 'yan kwanaki, kuma sukan riƙe launinsu watanni.